Shanyewar ɓarin jiki ba bugun iska ba ce

Jama'a, daga Shetimari zuwa Difa, in mutum ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, sai mu ce iska ta buge shi. Mu yi ta hayaƙi da rubutu, kwana uku kafin a nufi likita. Wannan jinkiri yana cin mana mutane.

Ciwon a jijiyar jini yake. Duk mai noman tattasai a bakin Komadugu ya san tiyo: in ƙarfin inji ya yi masa yawa ya fashe, in laka ta taru ya toshe, kunya ta bushe. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke. A cikinsu akwai wata siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, ita ke sa jijiya ta saki, ta hana jini daskarewa. Hawan jini yana gurje ta shekara da shekaru. Kitse ya manne a wurin, hanya ta matse, ranar ƙarshe ta toshe ko ta fashe. Sashen ƙwaƙwalwar da ya rasa jini sai ya mutu. Binciken SIREN da aka yi a Gana da Najeriya, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban sanadi.

Akwai kuma na gado. Yaro mai sikila, jajayen ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su manne a bangon jijiya, su raunata shi. In ba a kula ba, wajen 1 cikin 10 na yaran nan suna shanyewa kafin shekara 20. In uba da uwa duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da haɗari 1 cikin 4. Likitocin Kano sun nuna a 2022 cewa maganin hidroksiyuriya, ko kaɗan ne, yana kare irin waɗannan yara. A 2024 jihar Kano ta wajabta awon jini kafin aure.

Wasu za su ce awo yana raba masoya. Gaskiya ne, da ciwo. Amma gara a sani tun kafin a kai goro.

To, me ya kamace mu? Duk wanda ya kai shekara 40 ya je gidan likita a auna jininsa ko yana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama. In awo ya yi ta kai 14 bisa 9, a bi umurnin likita, kada a bar magani don an ji sauƙi. Mata su rage gishiri da dunƙule: ƙaramin cokali ɗaya ya ishi babba a yini. Samari da ƴan mata su yi awo kafin baiko. In baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a ɗauki mutum zuwa asibitin Difa nan take, a yi masa addu'a a kan hanya.

Allah ya ba mu lafiya.