Mai Bayanin Doka Da Neman Kansila

A ƙasar Bungudu, da Gusau, da Tsafe, ana samun waɗansu masu ilmi da suka ɗauki aikin fassara wa jama'a doka kyauta. Su ke gaya wa talaka cewa belin 'yan sanda ba na kuɗi ba ne, su nuna masa hanyar kotu in rikicin gado ko na gona ya taso. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara cikin 2000, ga ta ga dokokin tarayya, bukatar irin waɗannan mutane ta ƙaru ƙwarai. To, idan ɗayansu, a Furfuri ko wani gari, ya fito neman kujerar kansila, ya cancanta ya ci gaba da riƙe wancan aiki?

Neman kujerar ba laifi ba ne, abin yabo ne ma. Sashe na 7 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, cikin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Lalle majalisar da za ta riƙe dukiyar jama'a tana bukatar wanda ya san doka.

Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. Jarin mai bayanin doka shi ne amana, watau kowa ya zo masa ba tare da tsoron ɓangare ba. Ranar da ya ɗaga tutar jam'iyya, rabin gari ya zama abokin hamayya. Bazawarar da ɗanta ke bin wata jam'iyya, za ta kai masa asirin gadonta? Wanda ya taimaka wa kuwa zai ga kamar ana binsa bashin ƙuri'a, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

In ya ci zaɓe, abin ya ƙara tsanani. Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe ƙasa a karkara, kasuwa da tashar mota kuma suna hannunta. Manomin da ke jayayya da hukuma a kan gonarsa, yaya zai nemi shawara wurin ɗan majalisar hukumar nan? Ƙa'idar halin ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki, wadda ta haɗa har da kansiloli, ta hana mutum sa kansa inda bukatarsa za ta ci karo da aikinsa.

Mu da muka horar da malamai mun san malamin gwamnati da ke neman majalisar jiha dole ya ajiye alli kwana 30 kafin zaɓe. Doka ba ta tilasta wa mai aikin sa kai haka ba, amma mutunci ya tilasta masa.

Saboda haka shawararmu ita ce, ranar da ya sayi takardar tsayawa, ya miƙa aikin ga amintattun da ba su cikin takara, ya sanar wa jama'a a fili, kada kuma ya yi yaƙin neman zaɓe da sunan waɗanda ya taimaka wa. In ya faɗi, ya koma bakin aikinsa da mutuncinsa. In ya ci, talaka yana da sauran wurin da zai kai kukansa, ko da a kan shi kansilan ne.