Kafin A Nemi Wutar Asibiti, A Nemi Abin Da Fata Ta Ƙi

Mai ciwon fata na shekara da shekaru ba ya rasa mai ba shi shawara. A kwanakin nan wata sabuwa ta shigo. Wanda ya je Abijan ya dawo, ko wanda ɗansa ya nuna masa a waya, sai ya ce akwai wata fitila da ake shigar da mutum cikinta, ƙaiƙayi ya tafi. Daga nan sai a fara lissafin kuɗin mota zuwa tashar Adjamé da wurin wanda za a sauka.

Fitilar gaskiya ce, kuma tana aiki. Amma a ganina yawancin masu zuwa ɗakin shan magani namu da kirci ba ita suke bukata da fari ba. Bukatarsu a san sunan ciwon, a kuma gano abin da ke tayar da shi.

Mece ce wannan fitila?

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, masu asibiti suna kiransa altarabayolet. Shi ne ke ƙona fatar zabiya, shi ne kuma ke ƙara wa manomi baƙi. Wani likita a Kofanhagan ta ƙasar Danmak, Niels Finsen, ya yi amfani da haske ya warkar da tarin fuka na fata, har aka ba shi kyautar Nobel a 1903. Tun kafin shi da daɗewa mutanen Masar suna shafa wani tsiro a farin tabo su zauna a rana. Fitilar da aka fi aiki da ita yau ta fito a shekarun 1980. An tace haskenta, an bar siriri guda mai awon nanomita 311, domin shi ne ya fi amfani kuma ya fi ƙarancin ƙuna.

Aikinsa shi ne ya kwantar da sojojin jiki da suka taru a fata suna faɗa ba tare da abokin gaba ba. Yana taimakon kirci mai tsanani da ya ƙi jin man shafawa. Yana taimakon soriyasis, ciwon nan mai ɓawo fari-fari a gwiwa da gwiwar hannu da kai, inda fata ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kamar mako 4. Yana kuma taimakon bitiligo, wato farin tabo da ke fitowa idan fata ta daina yin launinta.

To, amma ga yadda ake yinsa. Mutum zai tuɓe ya tsaya cikin akwati, ya sa tabarau na musamman, namiji ya rufe gabansa. Ranar farko 'yan daƙiƙu ne kawai, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Za a zo sau 2 ko 3 a mako, kamar sau 20 zuwa 30 kafin a ga ƙarshen zagaye ɗaya. Wata 2 ko 3 ke nan. Na farin tabo ya fi haka tsawo ƙwarai. Bayan an gama, ciwon yana iya dawowa, domin hasken kwantarwa yake yi, ba tumɓukewa ba. Injinan kaɗan ne a ƙasashenmu, suna kuma son lantarki mai tsayuwa. Sai ka tambayi kanka, ɗan'uwa, wa zai riƙe maka gona wata 3 kana zaune a ɗakin wani a Adjamé?

Wani zai ce, mu da rana ke dafawa kullum, me ya sa ba za mu zauna a cikinta kawai ba? Da haka ne, da babu manomi mai kirci. Rana tana zuwa da zafi da gumi, gumi kuwa yana hura ƙaiƙayi, balle a damshin Abijan. Kuma ba a auna ta. Kada kuma a sayi fitila a kasuwa. Akwai irin da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a ɗakin tiyata, tana ƙona ido da fata kamar wutar walda. Shuɗiyar fitilar da ake sa wa jariri mai shawara ita ma daban ce.

Abin da fata ta ƙi

Akwai borin jini da kowa ya sani. Mutum ya ci wani abu ko ya sha magani, nan take jiki ya yi rudu-rudu, kafin gobe ya kwanta. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a ruga asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma wani iri mai sanɗa, shi ne ya fi ɓata wa mutane shekaru. Fata ta taɓa abu yau, ƙurajen ba za su fito ba sai bayan kwana 1 zuwa 3. Shi ya sa ba a zargin abin. Kuma mutum yana iya shekara 10 yana aiki da abu lafiya lau, ran nan jiki ya ƙi shi, daga nan kuma ya ƙi ke nan. Idan na faɗa wa magini cewa siminti ne, amsarsa kullum ɗaya ce: tun ina yaro nake kwaɓa shi. Gaskiyarsa, amma hakan bai wanke simintin ba. Akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa, shi ke tsattsaga hannu da ƙafa.

Wurin da ciwon ya zauna yakan tona asirinsa. Kunne da wuya da ƙasan cibiya inda kan bel ke taɓawa, wannan ƙarfen nikel ne na 'yan kunne da sarƙa masu araha. Bayan ƙafa daidai zanen maɗauri, takalmin roba ko na fata. Goshi da bayan kunne da fatar ido, baƙin dayis na gashi. Wannan dayis ɗin ne ake haɗawa da lalle don ƙunshi ya yi baƙi da sauri, sai ka ga amarya hannu ya tashi daidai zanen fulawar. Jan lalle na gargajiya da wuya ya yi haka. A arewacin Kwaddibuwa kuma, inda yazawa ta zama abin dogaro, man da ke cikin ɓawon ƙwallon yana ƙona hannun masu fasawa, wasu kuma jikinsu ya ƙi shi ɗungum. Wanda ya ƙi yazawa sau da yawa yakan ƙi ƙaron mangwaro, domin danginsu ɗaya. Sabulun kabakuru na wanki ne, sodarsa tana cinye hannu, bai kamata ya taɓa jikin mai kirci ba.

Duk wanda ciwonsa irin wannan ne, ko ya shiga fitila sau 30, ranar da ya koma kwaɓa siminti hannu tsirara zai koma gidan jiya. Safar hannu mai kyau da takalmin ruwa sun fi masa fitilar amfani.

Likitan fata yana da hanyar gwadawa. Za a manna ƙananan filasta a baya, kowace da ɗigon abin da ake zargi. Za su kwana 2 ba a jiƙa su ba, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana 1 ko 2. Inda ya yi ja ya tashi, an kama ɓarawo. Ku lura da wannan: hasken fitila da maganin kotizon duka suna danne amsar gwajin. Wanda ya fara da su, gwajinsa zai iya fitowa babu komai alhali akwai. Saboda haka gwaji ne gaba, haske a baya.

Man da ke rufe ido

Kafin mai ciwo ya iso wurinmu, yawanci ya riga ya bi ta kan tebur. A kasuwar Adjamé da ta Treichville, har da kasuwannin ƙauye, ana sayar da ƙananan tib na shafawa. Ku karanta jikinsu, za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Kotizon ne mai ƙarfi. A hannun likita magani ne mai kyau, na 'yan kwanaki, a wuri ƙayyadadde. A kan tebur kuwa, kwana 3 ƙaiƙayi ya tsaya, mutum ya ce ya samu. Ya daina, ciwo ya dawo da fushi, ya sake saye. Bayan watanni fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su cika fuska. Idan makero ne tun asali, man ciyar da shi yake yi, ya bazu har cinya da ciki, kamanninsa su sauya har likita ya sha wuyar gane shi. Wanda ya daɗe yana shafe jiki duka, maganin yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga.

A 2015 gwamnatin Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin, abin da ake kira tchatcho a nan, masu ɗauke da kotizon ko makuri ko haidurokinon fiye da kashi 2 cikin 100. Doka ta fito, tebura suna nan. Ba na faɗin wannan don in kunyata kowa. Idan kina shafawa, 'yar'uwa, ki faɗa wa nas, ki zo da kwalbar. Wanda ya daɗe a kai ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali ake janye shi.

Idan tafiyar ta kama

Ba kowane ƙaiƙayi ne ke son Abijan ba. Wanda ya fi tsanani da dare, ya kama tsakanin yatsu, ya bi mutanen gida, ƙazwa ce, ana maganinta a nan, gida duka a rana ɗaya. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓawa, a gwada shi don kuturta. Maganinta kyauta ne, akwai kuma cibiyar Raoul Follereau a Adzopé. Ciwon fata da ya zo wa babba farat ɗaya da ƙarfi, a yarda a gwada jini har da na ƙanjamau.

Wanda ya bi duk wannan wata da watanni bai samu sauƙi ba, shi ne za mu rubuta wa takarda zuwa sashen fata na babban asibitin koyarwa na Treichville. Daga Adjamé sai an ƙetare gada, a yi sammako. A tafi da takardar, da kowane tib da kwalba da ƙullin garin magani da aka taɓa amfani da shi, ko da ya ƙare. A faɗi sana'a dalla-dalla. A faɗi magungunan da ake sha, domin wasu, kamar doksisaikilin da wani maganin hawan jini mai sa fitsari, suna sa fata ta ƙone a haske. Zabiya, da mai ciwon lufus, da wanda ya taɓa yin kansar fata, fitilar ba tasu ba ce. Likitan ne zai ce ko haske ya dace da kai, da inda za a same shi.

Kafin ranar, ga abin da ke hannunka. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙamshi, ban da soso mai kaushi, ban da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti. Da an tsane jiki a shafa man kaɗanya tsantsa wanda ba a haɗa da turare ba, safe da yamma, a ƙara da hunturu. A yanke farce, na yara musamman. A sa tufafin auduga. Abin da ake zargi kuma, 'yan kunne ne ko dayis ko takalmi, a ajiye shi mako 4 cur, domin fata ba ta hucewa cikin kwana 2. A riƙa lura da ranakun da ciwon ya tashi da abin da aka taɓa kafin nan, a zo mana da bayanin ranar awo.