Kama da wane ba ta wane

Ƴan uwa ƴan kasuwa, masu shagunan kayan gyaran lantarki daga Maraɗi da Birnin Ƙwanni har Jibiya da Illela, yau da ku muke magana.

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Ogusta na 2023, kafin a maido da ita a 2024, mutane da yawa suka koma ga sola da batir da inbata. A cikin irin waɗannan na'urori akwai wata ƴar ƙwaya baƙa mai ƙafafu, wadda masu gyara ke kira aisi. Aikin wadda muke nufi shi ne kwatanta ƙarfin wuta biyu, kamar yadda sikeli ke gwada kaya da dutse. Idan batir mai bolt 12 ya kai wajen 14.4, ita ce ke ba da umurnin a tsai da caji. Idan ta mutu, batir zai yi ta shan wuta har ya kumbura.

Matsalar tana tasowa ne in mai gyara ya zo da lambar da babu ita a shago. Wasu lambobin, kamar 710 ta shekarun 1960, manyan kamfanoni sun daɗe da daina ƙera su. Sai mai shago ya ƙirga ƙafafu, ya miƙa wata, ya ce: "Malam, ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. LM339 da LM324 kowace ƙafa 14 gare ta, amma ta farko tana shan wuta ta ƙafa ta 3 da ta 12, ta biyu kuwa ta ƙafa ta 4 da ta 11. Wanda ya musanya su zai iya ƙone allon. LM311 da LM393 kowace ƙafa 8, amma ma'auni ɗaya ne a cikin ta farko, biyu a cikin ta biyu. Ita kuma 710 tana son bolt 12 da kuma 6 na baya, don haka duk wadda za a sa a gurbinta sai an sake jera wayoyi. LM393 ma ba ta tura wuta da kanta, sai an ɗaura mata razista a mafita.

Mun san abin da za a ce: ɗan kasuwa ba injiniya ba ne, nasa sayarwa. Gaskiya ne. Amma mai sayar da magani ba ya ba da ƙwaya don launinta ya yi kama da wata. Kuɗin aisi bai kai na kwanon shinkafa ba, batirin da za ta lalata kuwa jarin wani ne, mai cajin salula ko mai sayar da ruwan sanyi.

Shawararmu uku ce. Ku ajiye LM393 da LM339, domin har yau ana ƙera su. Ku sa yaran shago su buɗe takardar bayanin kamfani a salula, su gwada ƙafa da ƙafa tare da mai gyara. Ku kuma guji ƙwayoyin da aka kankare aka sake buga musu lamba, komai arharsu.

In babu, ku ce babu. Mai gyaran da kuka faɗa wa gaskiya yau, gobe shagonku zai fara zuwa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.