HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE: SHAWARA KAN ALLON BURI

Da zarar watan Disamba ya kama, sai ka ga ɗalibai 'yan'uwana suna yanka hotuna daga mujallu suna liƙawa a jikin kwali. Wannan ya liƙa hoton mota, waccan ta liƙa hular kammala digiri, wani kuma jirgin sama. Wannan shi ne allon buri, wato kwalin da mutum ke tara hotunan abubuwan da yake fatan samu a shekara mai zuwa, ya rataye a ɗakinsa yana kallo kullum. A ganina al'adar tana da amfani, amma yadda yawancinmu muke yin ta, yaudarar kai ce kawai.

Ban faɗi haka don raina kowa ba, domin ni ma na yi. Hausa ba harshen uwata ba ne, a makaranta na koye shi. Bara na liƙa hoton makirufo a allona saboda burina na zama mai karanta labarai da Hausa a gidan rediyo. Na yi wata goma sha biyu ina kallon hoton nan, amma har shekara ta ƙare ban daina rikita "ƙasa" da "kasa" a furuci ba. Ranar da na ce wa wani mai sayar da albasa a Sabo na zo daga "kasar Yarabawa", murmushi ya yi, ya gyara mini a hankali. Minti biyu da na yi da shi ya fi mini shekarar da na yi da hoton.

Al'adar ta bazu sosai bayan fitowar littafin The Secret na Rhonda Byrne a 2006, wanda ke cewa tunanin abu da ƙarfi yana jawo shi zuwa ga mutum. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan magana. A 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun yi nazari kan ɗaliban da ke shirin jarrabawa. An ce wa wasu su riƙa kwatanta a zuci sun ci babban maki, wasu kuma su riƙa kwatanta kansu suna zaune suna karatu. Rukuni na biyu ne suka fi yin karatun, kuma su ne suka fi samun maki. Haka kuma Gabriele Oettingen ta nuna cewa daɗin mafarkin nasara kan sa jiki ya yi sanyi, kamar an riga an isa. Shawararta ita ce, bayan mutum ya kawo burinsa a zuci, ya kawo abin da zai tare masa hanya, sannan ya shirya yadda zai ƙetare shi.

Wani zai ce, ai hoto yana ƙarfafa gwiwa a ranar da mutum ya gaji. Gaskiya ne, kuma ban ce a yaga hotuna ba. Amma hoto ɗaya ya isa, don in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sauran filin a bar wa aiki.

A nan ne ya kamata mu ɗaliban Hausa mu yi koyi da allon da Bahaushe ya sani tun asali. A makarantar allo, ɗalibi kan rubuta darasinsa, ya biya har ya iya, sannan a wanke a rubuta na gaba. Allon da ya shekara da rubutu ɗaya, shaida ce mai shi bai ci gaba ba. To, me ya sa namu zai shekara bai canja ba?

Ga abin da ke kan allona na bana. Kullum da safe zan saurari labaran Hausa a rediyo na minti 15, in rubuta sababbin kalmomi biyar, in duba su a ƙamus. Kowace Asabar zan je Sabo in yi cefane da Hausa zalla, ko da za a yi mini dariya. Kowane mako zan karanta labari ɗaya daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam da babbar murya. Azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, waɗanda suka ba ni wuya bara, zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako biyu. A ƙasa na rubuta abin da na san zai hana ni, wato waya da jin kunya. Idan hannuna ya kai ga waya da safe, rediyo zan fara kunnawa. A ƙarshen kowane wata zan goge abin da na iya, in rubuta sabo.

Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai, kafin ku sayi kwali da gam, ku tambayi kanku: me zan yi ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe? Wanda ya iya amsa wannan tambaya ya riga ya kama hanyar birni. Allah ya ba mu sa'a a shekara mai zuwa, amin.