Darasin Kafanchan da Zangon Kataf: Su Wa Za Su Auna Shaida?

A ƙasar Ingila, idan aka tuhumi mutum da babban laifi, ba alƙali kaɗai ke yanke cewa ya aikata ba. Akan zaɓo mutum 12 ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, su zauna su saurari shari'ar. An hana su bin labarinta a jarida ko tattauna ta da kowa a waje. Abin da aka faɗa a gaban kotu kaɗai za su auna, bayan lauyoyi sun yi wa kowane mai shaida tambayoyi. Alƙali ya bayyana musu doka, sa'an nan su keɓe su yi shawara. Tun 1967 ana iya karɓar hukuncin mutum 10 daga cikin 12, in an kasa haɗa baki.

Hikimar wannan tsari ita ce, jama'a sun fi amincewa da hukuncin da irinsu suka sa hannu a ciki. Kudancin Kaduna ya ɗanɗana rashin wannan amincewa har sau biyu.

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Musulmi da yawa suka yi kukan cewa mutanensu ne suka cika kurkuku.

A 1992 kuma gardamar sauya wa kasuwar Zangon Kataf mazauni ta jawo zubar da jini a Fabrairu da Mayu. Aka sake kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, da jami'an tsaro a cikinta, aka kuma toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Ɗaya daga cikin mambobinta, Graham-Douglas, ya ajiye aiki. A Fabrairun 1993 aka yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot, tsohon gwamnan Jihar Ribas, da wasu mutanen Kataf hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara biyar. Mutanen Kataf suka ce an zalunce su; Hausawan Zango suka ce jinin 'yan'uwansu ya tafi a banza. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta ce shari'ar ta tauye haƙƙin waɗanda aka tuhuma.

Watau dai kowane ɓangare ya taɓa jin ɗacin hukuncin da aka yanke ba da shi ba.

Lalle tsarin Ingila ba ya rasa illa. Inda gaba ta yi tsanani, ana iya tsorata masu auna shaida, ko su bi son zuciya. Don haka ne a 1973 aka janye su daga shari'un ta'addanci a Ailan ta Arewa. Mutum 12 daga unguwa ɗaya a Kafanchan ba za su gamsar da unguwar da ke maƙwabtaka da su ba.

Amma ana iya ɗaukar tsaba a bar ƙaiƙayi. Dama can alƙalin ƙasar Hausa yana zama da muhutai masu taya shi duba magana. Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta tanadi cewa a shari'ar rikicin ƙabilanci ko addini, talakawa daga addinan biyu su zauna tare da alƙali, a zaɓo su da ƙuri'a daga wasu ƙananan hukumomi da rikicin bai shafa ba. A yi shaida a bainar jama'a, da tafinta, a rubuta dalilin hukunci, a bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe.

Ɗan Arewa mazaunin Ikko, Badun ko Fatakwal kada ya ɗauka wannan magana ta gida ce kawai. Wanda ya ga rikicin Shagamu na 1999 ko na Idi Araba na 2002 ya san cewa a nan shi ne baƙo. Ranar da aka gurfanar da shi, zai so a ce cikin masu auna shaidarsa akwai mai jin harshensa. Abin da yake so wa kansa a Kudu, shi ya kamata ya nema wa ɗan Kataf da Bahaushen Zango a gida.