"NA GANYE NE": SABUWAR RIGAR MAN BILICIN

'Yan uwa matasa, dillalan man bilicin sun sauya salo. Da mutane suka fara gane ɓarnarsa, sai suka liƙa hoton kurkum da lemun tsami a jikin kwalba. Daga Gagarawa Tasha har kasuwar Maigatari, ka tambayi mai sayarwa, amsar ɗaya ce: "Ai wannan na ganye ne." To, ita babba-jiji ba ganye ba ce?

Ga gaskiyar lamarin. Sinadarin abutin da ake tinƙaho da shi daga ganye ake samunsa, amma yana iya rikiɗa ya zama haidirokinon, wato gubar da ake cewa an guje wa. Ruwan lemun tsami a fata, in rana ta buge shi, ƙuna yake jawowa. Su kuwa masu haɗin bayan fage, sau da yawa sitiroyid suke zubawa don fata ta yi saurin ɗashewa, daga bisani ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa. Wani man ma har da zaiba, mai lalata ƙoda. Melanin ɗin da ake yaƙa kuwa shi ne garkuwar da Allah Ya yi mana daga zafin rana irin na ƙasar Gumel.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa irin wannan mai. A 2023 NAFDAC ta kira abin matsalar lafiya ta gaggawa. Innalillahi!

Amma wa ya buɗe wannan kasuwa? Mu ne. Mu ke cewa "fara ko mayya ce". Mu ke jera mayukan a akwatin lefe, sannan in kumatu sun ƙone mu kawar da kai. Alhali Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin launinmu cikin ayoyin Allah, Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta nuna jirkita halitta alwashin Shaiɗan ne.

Ɗan uwa, fara da gidanku. Duba kayan shafan ƙanwarka, ka yi mata bayani cikin hikima ba da tsawa ba. In ka tashi haɗa lefe, kada sisinka ya shiga aljihun waɗannan mutane. Ka faɗa wa wadda kake nema cewa yadda Allah Ya halicce ta haka kake sonta.

Allah Ya ganar da mu.