Bargon Gasa Da Kukan Kuɗin Wanki



Akwai wani kuka da ya cika gidajen biki da na suna a ƙasarmu ta Bagudo, tun daga cikin gari har Ka'oje, Zagga, Illo, Lolo da Tsamiya. Wai masu wanki sun zama azzalumai. Kuɗin da a da za a wanke miki bargo uku har da zannuwan gado, yanzu bargo ɗaya tak ba zai wanku da shi ba. Kowace ta buɗe baki sai tsinuwa: "Allah ya isa tsakanina da mai wanki!"

To ni dai yau ba zan taya ku wannan tsinuwa ba. Ku yi haƙuri da ni, gaskiya ɗaci gare ta. Tsadar wanki gaskiya ce, ba mai musu. Amma rabin wannan nauyi mu muka ɗora wa kanmu shi, tun ranar da muka mai da bargo abin gasa.

Bari mu fara da mai wankin, mu ji ko shi ne ɓarawon.

Uwargida ta aika an kira shi, ta turo masa ƙaton bargo mai hawa biyu wanda yaro ɗan shekara goma ba ya iya ɗagawa. Ya faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji.

"Haba Malam, ka ji tsoron Allah mana! Bargo ɗaya fa?"

"Hajiya, wallahi ba son raina ba ne. Wannan in ya sha ruwa, mu biyu muke kama shi mu matse. Ruwan da zai ci ya fi na kayan gidan nan duka."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Bargon zamani zaren roba ne, kumfa ba ta fita daga cikinsa da ɗauraya ɗaya ko biyu. Ruwa kuwa a jarka ake sayen sa wurin 'yan ga-ruwa, su kuma a famfon burtsatse suke ɗiba, burtsatsen kuma janareto ke tada shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mu na bakin iyaka ma mun riga kowa ɗanɗanawa, domin tun a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk lokacin da mai ya tashi, ruwa ya tashi. Omo da sabulu su ma sun bi sahu. In kuwa shagon wanki na inji kika aika da shi Birnin Kabi, can ma janareto ne, ga kuɗin haya, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. To ina mai wanki zai kai wannan lissafi in bai ɗora a kan bargonki ba? Shi ma fa da iyali a gida.

Ban ce duk masu wanki waliyyai ba ne. Akwai mai tsuga kuɗi don ya ga gidan da ƙofar ƙarfe. Akwai mai tsoma bargo a ruwa ya fesa turare ya dawo miki da shi da daudarsa. Irin wannan ki bar shi, ki nemi wani. Amma ko mafi tsoron Allah a cikinsu ba zai wanke miki shi a kuɗin 2018 ba.

Yanzu mu dawo kanmu. Don Allah, wata nawa ake sanyi a ƙasar nan? Hunturu na gaske bai wuce wata biyu zuwa uku ba, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Da Maris ya kama, zafi ne wanda ko zane ba ka son ya taɓa jikinka, kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida. Amma je ki ɗakin amarya ranar jere. Bargo huɗu, biyar, an jibge su kan sif har suna taɓa rufi, ga mai zanen damisa, ga mai furanni, ga lallausan nan mai auduga a ciki. Ga labule mai nauyin buhu, ga kafet bango da bango. Wa zai lulluɓa da su duka? Babu. An saye su ne don 'yan ganin ɗaki su ƙirga, don kada dangin ango su ce uwar amarya ta gaza, don 'yar wance an yi mata uku, tawa sai an yi mata biyar.

Kuma da wane kuɗi? Yawancin bargunan nan daga Sin ake kawo su. Da yawa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke sauka, su hauro arewacin Benin, kasuwanni irin su Malanbil da Segbana, kafin su iso hannunmu. Can da sefa ake ciniki, sefa kuma a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta bin naira in ta faɗi. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kafin nan ma an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Duk wannan bai sa mun rage ko bargo ɗaya ba. Uwa ta sai da akuyarta, ta kwashi adashi, ta ci bashi, don dai a ce an yi.

Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin bargo ba ya ƙarewa a kasuwa, 'yar uwa. Ranar da kika biya mai shago, ranar kika buɗe wa kanki asusun da za ki riƙa zuba wa kuɗi duk shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Da kuɗin wanki ya gagara, sai a daina wankin. Bargon da jariri ya yi wa fitsari, a shanya shi rabin yini, a turara shi da turaren wuta, a ninke. Baɗi a zaro shi a lulluɓa yara. Daga nan kuɗin cizo ya sami gida, ƙazuwa ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, mai asma ya kwana yana tari saboda ƙurar da ta maƙale a gashin bargon. Kuɗin da aka hana mai wanki, sai a kai wa mai kemis ninkinsa. Wata kuma ta ce ga Kwara kyauta, ta tura 'yan mata bakin kogi da bargon da in ya jiƙe ya fi ƙarfinsu, su yini tsaye cikin ruwan da ake ɗaukar tsargiya. Wannan wace irin dabara ce?

Kakanninmu sun yi sanyin bakin kogin nan kafin mu. Da gwado suka yi shi, da luru, da sakala ga mai hali. Gwado saƙar auduga ne, mace ɗaya za ta wanke shi da safe, kafin azahar ya bushe. Ba cewa nake mu koma zamanin da ba. Cewa nake hankalin da suka yi amfani da shi bai tsufa ba: sayi abin da hannunki zai iya wankewa.

Ga shawarata, wadda ta ga dama ta ɗauka.

Na farko, kafin ki sayi bargo, ɗaga shi da hannu ɗaya. In ya gagare ki a bushe, tuna yadda zai zama a jiƙe. Marasa nauyi biyu sun fi ƙato ɗaya, ɗumi ɗaya ne in kika haɗa su, kuma kowanne zai shiga bahonki.

Na biyu, wanda kike da shi, ɗinka masa riga. Yadi mai sauƙi, tela ya yi masa baki kamar rigar matashi. Rigar za ki riƙa wankewa duk mako, bargon kuwa sau ɗaya a shekara ya isa. Gadon yara kuma a sa leda ƙarƙashin zanen gado.

Na uku, kada ki jira sanyi ya shigo sannan ki nemi mai wanki, lokacin kowa na neman sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanke bargonki da bazara, rana na da ƙarfi, ki tabbatar ya bushe ƙarau, ki ɗaure shi a leda. Da hunturu kuma ki riƙa fitar da shi rana kina kakkaɓewa.

Na huɗu, ku maƙwabta ku haɗa kai. Mata uku, babban baho ɗaya, yau na wannan, jibi na waccan. In kuma mai wanki za a bai wa, ku tara su wuri ɗaya ku yi ciniki gaba ɗaya, zai fi yi muku sauƙi.

Ku kuma iyayen amare, ku ne tushen gyara. Kuɗin bargo uku na gasa, ku saya wa yarinya tunkiya ko keken ɗinki, abin da zai kawo mata kuɗi, ba wanda zai riƙa cin nata ba. 'Yan ganin ɗaki za su yi surutu kwana bakwai su manta. Ranar da mai wanki zai faɗi kuɗinsa, ba ɗaya daga cikinsu da za ta ciro ko naira biyar ta taimaka. Maigida, kai ma ba ka tsira ba: kai ke kwana cikin bargon nan, wankinsa na cikin hidimar gida kamar cefane, kada ka bar wa matarka shi.

Farashin mai da na sefa ba a hannunmu suke ba. Yawan bargon da za mu jibge a kan sif kuwa, wannan a hannunmu yake. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya rufa mana asiri. Amin.